Tunawa Da Matan Da Suka Mutu A Hannun Mazansu

Ya kai mai karatu, ko a Rano ka ke, ko a Kibiya, ko cikin ƙauyukan da ke kewaye da su, ka kasa kunne ga wannan magana. Akwai matattu waɗanda mu kan yi saurin mantawa da su, gama labarinsu abin kunya ne a gare mu. Su ne matan da ba ciwo ya ɗauke su ba, ba kuwa haihuwa ba, amma hannun mutumin da ya ce yana ƙaunarsu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya, ta ce cikin shekarar 2023 kaɗai mata da 'yan mata wajen 51,100 suka mutu a hannun mazansu, ko manemansu, ko danginsu, watau kamar 140 kowace rana. Amma lissafi ba ya sa hawaye, saboda haka bari mu tuna da uku na ƙasarmu.

A 1987, a ƙasar Sakkwato, wata yarinya mai shekara 12 ta yi ta gudu daga gidan mijin da aka ba ta, ana mayar da ita. Daga baya ya sassare ƙafafunta domin kada ta ƙara gudu, ta mutu a asibiti. Ran 16 ga Satumba 2022, a unguwar Janbulo cikin Kano, wani mutum ya shiga gidan iyayen wadda ya ke nema da aure, ya kashe ta da wuƙa. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Maris 2024.

Ta uku kuwa daga cikinmu ta ke. Osinachi Nwachukwu mawaƙiyar bishara ce, dubbai suka yi sujada da muryarta. Ta rasu a Abuja ran 8 ga Afrilu 2022. Sai bayan mutuwarta danginta da abokanta suka bayyana irin dukan da ta daɗe tana sha. A watan Afrilu 2025 kotu ta sami mijinta da laifi, ta yanke masa hukuncin kisa. Kada fa ka ce wannan mugunta ta waɗansu ce. Tana iya zama kan benci ɗaya da kai ran Lahadi.

Ka lura, irin wannan mutuwa ba safai ta kan zo farat ɗaya ba. Da zagi ta kan soma, sai mari, sai sanda. Maƙwabta suna jin kuka ta bayan danga, su ce tsakanin harshe da haƙori ma a kan saɓa. Matar ta yi yaji, iyaye su ce zaman aure sai haƙuri, su raka ta ta koma. Haƙuri abu ne mai kyau ƙwarai, amma wanda ya mayar da tunkiya bakin kura ba haƙuri ya koya mata ba.

Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, cikin sashe na 55 ta bar wa miji ya hori matarsa inda al'ada ta yarda, muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Amma kai da ka soma bin Yesu Kristi, ma'auninka dabam ne. Manzo Bulus ya koya wa Afisawa, misalin miji shi ne Kristi, wanda ya ba da ransa domin ikilisiya. Jinin kansa ya zubar, bai zubar da na amaryarsa ba. Matarka cikin kamannin Allah aka halicce ta, kamarka. Sadakin da ka biya bai sayi ranta ba. Allah wanda ya tuhumi Kayinu saboda jinin Habila ba za ya manta da jinin da ya zuba cikin ɗaki ba.

To, ƙaƙa za mu tuna da su?

Kai miji, idan hannunka ya saba da duka, ka tuba yau, ka faɗa wa dattawan ikilisiya, kada ka fake da fushi ko giya. Sa'ad da zuciya ta taso, ka fita daga gida sai ta kwanta.

Ke 'yar'uwa, gudu domin ceton ranki ba zunubi ba ne. Ki faɗi, kada ki rufa asirin da zai kai ki kabari.

Ku iyaye da dattawa, kada ku mayar da mace wurin da ranta ke cikin hatsari. Ku ba ta mafaka, ku kai ta asibiti, ku kai maganar gaban mai unguwa da 'yan sanda. Ku kuma koya wa 'ya'yanku maza tun suna ƙanana, gama ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, kai ka san sunan kowace ɗaya daga cikinsu. Ka ta'azantar da marayunsu, ka gafarta mana shirun da muka yi, ka mai da gidajenmu wuraren salama. Cikin sunan Yesu. Amin.