Me Ka Sa a Bakin Ƙugiyarka?

Karatu: Matta 4:18-22, Yaƙub 1:13-15



Ƙasar Daura ƙasar rairayi ce, ba mu da babban kogi kamar mutanen Argungu ko na Yawuri. Duk da haka akwai masunta a cikinmu. Wata rana da sassafe na tafi bakin madatsar ruwa ta Sabke, cikin ƙasar Mai'aduwa, na iske wani tsoho yana shirya fatsarsa. A gefensa akwai gwangwani biyu. Na ce, "Baba, don me gwangwani har biyu, alhali ruwan ɗaya ne?" Ya yi dariya, ya ce, "Malam, ruwan ɗaya ne, amma bakunan da ke ciki daban daban ne."

Sai ya koya mini. Tarwaɗa tana kiwo a ƙasa cikin laka, ta fi fita da dare, da gashin bakinta take bin wari. Domin haka hanjin kaza ake sa mata. Karfasa kuwa bakinta ƙarami ne, sai ƙaramar ƙugiya da 'yar tana. Giwan ruwa, wanda ake kamawa a manyan koguna, ɗan kifi mai motsi yake so. Wanda bai san wannan ba, in ji shi, sai ya wuni cikin rana ya koma gida da gora wofi, yana cewa babu kifi.

Maganar nan ta soke ni, gama Ubangijinmu ya kira masunta a bakin tekun Galili, ya ce zai mai da su masu kamun mutane. Bari mu ɗauki abu uku daga wurin tsohon nan.

1. Ka san wanda kake nema

Ku duba yadda Yesu ya yi. Da Nikodimu, malami mai ilimi, ya yi zancen sabuwar haihuwa (Yohanna 3). Da macen Samariya, wadda ta zo ɗiban ruwa da tsakar rana, ya soma da roƙon ruwan sha (Yohanna 4). Mutumin Daura ba ya bukatar a fassara masa wannan. Tun muna yara muke jin labarin rijiyar Kusugu, da macijin da ya hana mutane ɗiba sai ran Jumma'a. Mun san abin da ake kira ƙishirwa. Bulus kuma, sa'ad da ya tsaya a Atina, ya fara da bagadin da ya gani cikin birninsu (Ayyukan Manzanni 17). Bishara ɗaya ce, amma ƙofar kowace zuciya daban take.

Tun 1932 muke da dukan Littafi Mai Tsarki cikin Hausa. Amma samun Littafi cikin harshen mutum bai isa ba, sai ka san damuwarsa. Manomin da fari ya cinye geronsa, da gwauruwar da ta binne ɗanta, da saurayin da ya gama makaranta ya rasa aiki, ka zauna a tabarmarsu ka saurara tukuna kafin ka buɗe baki.

2. Kada ka jawo mutum da abin da ba za ya riƙe shi ba

A nan zan faɗi laifina. Sa'ad da na fito daga makarantar Littafi Mai Tsarki, aka aike ni wani ƙauye. Ina so in aika da labari mai daɗi ga dattawa, sai na shiga rabon sabulu da tsofaffin riguna kowace Lahadi. Ɗaki ya cika. Ran da kaya suka ƙare, muka ragu mu shida. Na yi fushi da mutanen, amma laifin nawa ne. Abin da na sa a ƙugiya shi suka ci, suka tafi. Ubangiji da kansa ya tsauta wa taron da suka bi shi domin gurasar da suka ci suka ƙoshi (Yohanna 6:26). Ka taimaki maƙwabcinka mai bukata, ko wane ne shi, ko mene ne addininsa, amma kada ka mai da taimakon ciniki.

3. Ka tuna akwai wani masunci

Turawa suna ƙera ɗan kifi na ƙarfe ko na roba, mai walƙiya, da ƙugiyoyi rataye a jikinsa. In an ja shi cikin ruwa yana rawa kamar mai rai. Babban kifi ya hadiye shi, bai sami ko loma ɗaya ba, sai mutuwa. Haka Shaiɗan yake su. Yaƙub ya nuna mana cewa sha'awar mutum ita ce ke ruɗinsa, ta jawo shi. Magabcin ya san bakin kowa. Ba ya sa wa mai son kuɗi giya, ba ya sa wa mashayi sarauta. Wani da ma'ajin ekklesiya ake kama shi, wani da matar maƙwabci, mu masu wa'azi kuwa da yabon mutane. Ɗan'uwa, mene ne naka? In ba ka sani ba, shi ya sani.

Ga bambanci tsakanin su biyun. Shaiɗan yana ɓoye ƙugiya domin ya fitar da kifi daga ruwa ya mutu. Yesu bai ɓoye wa kowa giciye ba, ya ce mai binsa ya lissafta tun da fari (Luka 14:27-28). Wanda ya kama kuwa, zuwa rai yake jawo shi. Saboda haka kada mu yi wa kowa alkawarin arziki ko lafiyar jiki da sunan bishara. Mu faɗi gaskiya duka, da ladabi da ƙauna, mu bar sauran ga Ruhu Mai Tsarki.

Tsohon nan ya daɗe zaune shiru kafin igiyarsa ta motsa. A cikin makon nan ka zaɓi mutum ɗaya, ka yi addu'a dominsa da sunansa, ka ziyarce shi, ka yi haƙuri irin na masunci.

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu kunnen saurare da harshen gaskiya. Ka tsare mu daga ƙugiyar Mugun. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.