Hakkin Wanda Ya Tafi Yaƙi Bai Dawo Ba

A ranar Juma'a ta uku ta watan Satumba kowace shekara, mutanen Amurka sukan tsaya su tuna da sojojinsu da aka kama a fagen fama, da waɗanda suka ɓata ba a ga gawarsu ba. Adadin waɗanda ba a san makwancinsu ba ya haura 80,000. Fiye da 70,000 daga cikinsu a Yaƙin Duniya na Biyu suka ɓata, fiye da 7,000 a yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, fiye da 1,500 kuwa a yaƙin Biyetnam. Kusan rabinsu ana kyautata zaton teku ce ta haɗiye su. Tun 2015 hukuma guda mai suna DPAA ke ɗauke da nauyin nemansu, tana tona duwatsu da dazuzzuka da gonakin shinkafa, amma a yawancin shekaru waɗanda take ganowa ba su kai 200 ba.

Mai hankali zai iya tambaya: mene ne amfanin wannan wahala? Wanda ya mutu shekara tamanin da suka wuce ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi. Kuɗin da ake kashewa wajen neman haƙori ɗaya ko guntun ƙashi, ashe bai fi kyau a ciyar da mayunwata da shi ba? Tambayar tana da nauyi, kuma bangaskiyarmu ma kamar tana goyon bayanta ta wani gefe. Waliyyi Agustin, a littafin da ya rubuta kan kula da matattu, ya koyar cewa rashin kabari ba ya cutar da ran mamaci, gama Allah da ya yi mutum daga ƙura ba zai rasa inda ƙurarsa take ba a ranar tashin matattu. Wanda ke kwance a ƙarƙashin teku bai yi wa Mahaliccinsa nisa ba. Duk da haka Agustin ɗin nan ya gargaɗe mu kada mu wulakanta jikin mamaci, kuma Ikilisiya ta lissafta binne matattu cikin ayyukan jinƙai bakwai na jiki. Akwai dalilai uku da suka sa neman nan ya zama wajibi.

Na fari shi ne darajar jikin ɗan Adam. Jiki ba riga ba ce da rai ke tuɓewa ya yar. Da wannan jiki aka yi wa mutum baftisma, da shi ya yi aiki, da shi ya sha wuya, kuma shi ne zai tashi. Saboda haka Tobit ya sa ransa cikin hatsari yana binne gawarwakin da aka jefar a Nineba. Saboda haka Musa ya ɗauki ƙasusuwan Yusufu daga Masar, aka yi ta yawo da su cikin jeji har aka binne su a Shekem. Saboda haka kuma Yusufu mutumin Arimatiya ya tunkari Bilatus ya roƙi jikin Ubangijinmu.

Na biyu shi ne hakkin masu rai. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Matar da aka kawo mata gawar mijinta za ta yi kuka, ta yi zaman makoki, sa'an nan da taimakon Allah ta miƙe. Amma wadda aka ce mata ya ɓata, ita ba gwauruwa ba, ita ba mai miji ba, kowane bugun ƙofa sai gabanta ya faɗi. Irin waɗannan mata da iyaye ne suka kafa ƙungiyar iyalan fursunoni da ɓatattu a 1970, lokacin yaƙin Biyetnam, suka hana gwamnati ta manta. Laftanar Michael Blassie, matuƙin jirgin sama da aka harbo a 1972, an binne shi a 1984 a Kabarin Sojan da Ba a Sani Ba a Arlington, wurin da ya fi kowane girma a idon ƙasarsa. Amma da iyalinsa suka nemi a bincika, gwajin DNA ya tabbatar da shi a 1998, suka ɗauke shi suka kai shi kusa da gida a Missouri. Girman kabari bai biya musu bukatar da suna ya biya ba.

Na uku shi ne alkawari. Ƙasar da ta ɗauki ɗan mutane ta aika shi bakin wuta ta ci bashi, alkawari kuwa kaya ne. In ba ta iya mayar da shi da rai ba, wajibi ne ta mayar da gawarsa. In ta kasa, to ta faɗi gaskiyar abin da ya same shi. Mai mulkin da ya san za a ƙidaya masa kowane mutum da sunansa zai yi tunani sau biyu kafin ya buga gangar yaƙi.

Mu Katolika muna da shaida a gidanmu. Fada Emil Kapaun, firist na Daiosis ɗin Wichita a jihar Kansas, limamin sojoji ne a Koriya. A watan Nuwamba 1950, a yaƙin Unsan, ya ƙi barin masu rauni, aka kama shi tare da su. A sansanin fursunoni na Pyoktong ya riƙa samo wa mayunwata abinci a ɓoye, yana wanke marasa lafiya, yana jagorantar addu'a, har ya rasu ranar 23 ga Mayu 1951 yana da shekara 35. Ƙasusuwansa suna cikin waɗanda aka mayar bayan yaƙi, aka binne su ba suna a maƙabartar sojoji ta Honolulu. Sai a watan Maris 2021, bayan shekara saba'in, aka gane shi. A watan Satumba na shekarar aka yi masa Misar jana'iza a Wichita, kuma a 2025 Paparoma Francis ya amince da jaruntakar miƙa ransa, matakin da ke kan hanyar zama waliyyi. Da an ce neman ɓata lokaci ne, da har yau bawan Allah nan yana kwance a ƙarƙashin lamba.

Sai dai adalci ba ya da ƙasa ɗaya. Mutanen Biyetnam suna da ɗaruruwan dubban 'ya'yansu da ba a gano ba, hawayen uwa a Hanoi kuwa bai fi na uwa a Kansas arha ba. Abin yabo ne cewa a 2021 ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar taimaka wa Biyetnam ta nemi nata. Neman matattu ya kan buɗe ƙofar da siyasa ta rufe: tun kafin Amurka da Biyetnam su maido da hulɗar jakadanci a 1995, mutanensu suna tona ƙasa tare.

Lokaci kuma ba ya jira. Ƙasar kudu maso gabashin Asiya tana cinye ƙashi, shaidun gani da ido suna tsufa, 'yan'uwan da za a gwada jininsu suna ƙarewa. Aikin haɗin gwiwa a cikin Koriya ta Arewa ya tsaya tun 2005, ko da yake a 2018 ta mayar da akwatuna 55 na ƙasusuwa. Ya kamata masu mulki su raba wannan aikin jinƙai da rigimarsu, su buɗe takardun da suka ɓoye, su bar masu tono su shiga.

Mu kuwa, sa'ad da muka taru ranar 2 ga Nuwamba domin yi wa dukan matattu addu'a, mu sa waɗanda ba su da kabari a cikin roƙonmu, na Amurka da na abokan gabansu, tare da iyalan da ke jira. Makiyayi Mai Kyau ya san tumakinsa da sunayensu. Allah ya ba su hutawa ta har abada, ya sanyaya zukatan masu jira. Amin.