Mai ƙidayar majinyata da bashin da ke wuyansa

A ƙasar Damagaram ba a buƙatar littafi kafin a san lokacin sanƙarau. In hunturu ya gama kaɗa ƙurarsa, zafin bazara ya biyo baya, tsofaffin Mirriya kan sa ido ga yaron da ya ce kansa na sara, wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa. Sun kuma san ruwan farko ne ke kwantar da cutar. Amma sunan da duniya ta riƙe a kan wannan sani na wani likitan sojan Faransa ne, Léon Lapeyssonnie, wanda ya rasu a 2001.

A shekara ta 1963 ya fitar da dogon bincikensa a mujallar ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS. Ya tattara rahotannin likitoci na shekaru da dama, ya aza su bisa taswirar ruwan sama, sai ya ga annobar na kai da kawowa cikin wani zirin ƙasa kudu da Sahara, inda ruwan shekara ke tsakanin milimita 300 da 1,100. Shi ne ake kira zirin sanƙarau, wanda a yau ake ja daga Senegal har Habasha.

Me ya ƙara a kan abin da tsofaffi suka sani? Ya ƙara, ba kaɗan ba. Tsohuwa ta san garinta; shi ya haɗa garuruwa dubu cikin idon mutum guda, har hukuma ta iya tanadin magani kafin kuka ya tashi. Sai dai kowane adadi da ya lissafa, wani malamin asibiti ne ya rubuta shi da hannu a rajista, kuma ɗan wata ne ya kwanta kafin a rubuta. Babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a taswirar.

Ga inda tambayar take: shin ya halatta a mai da ɗan mutum adadi? Ƙa'idar da OMS ta sabunta a 2014 ta ce sai an samu mutum 10 cikin 100,000 a mako guda ake cewa annoba ta ɓarke a gunduma. Uwar da ɗanta ya zama na tara ba za ta taɓa yarda da wannan lissafi ba, kuma ba ta yi laifi ba. Amma in babu ƙidaya, allurar da ba ta isa kowa ba sai ta tafi garin mai faɗa a ji. Ƙidaya, duk da sanyin zuciyarta, ita ce ke ba ƙauyen da ba shi da kowa a Yamai damar a gan shi. Saboda haka ta halatta, bisa sharaɗin abin da aka ɗauka ya komo wa waɗanda aka ɗauka a jikinsu.

Brian Greenwood, Bature ɗan Ingila da ya yi shekara goma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1970, ya biya wani ɓangare na wannan bashi. Shi da abokan aikinsa sun nuna ƙwayar cutar na zaune a maƙogwaron masu lafiya har cikin damina. Bushewar iska da ƙura ne ake tuhuma da buɗe mata ƙofar shiga jini. A 1979 sun nuna allura guda ta kuloramfenikol mai jimawa a jiki na iya warkar da majinyaci. Ga ɗakin shan magani mai malami ɗaya da majinyata cike da rumfa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akasin haka ya faru a Kano a 1996, inda kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara kusan 200 ana tsakiyar annoba, 11 suka rasu, aka kwashe shekaru ana shari'a kan ko iyayen sun san abin da ake yi.

Biyan bashin dai ya yi nawa. Shekara 47 ce tsakanin taswirar Lapeyssonnie da rigakafin MenAfriVac, wanda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disambar 2010, a kan ƙasa da rabin dala kowace allura, don jami'an lafiyar Afirka sun ce abin da ya wuce haka ba zai sayu ba. Jinsin A ya kusa ɓacewa, sai jinsin C ya ɗago kai. Tsakanin Nuwambar 2022 da ƙarshen Janairun 2023 an ƙidaya majinyata 559 a jahar Damagaram, 18 suka rasu. Dungas ce ta fi jin jiki, Mirriya ma ba ta tsira ba. Rigakafin da ya haɗa jinsi biyar, Najeriya ta fara ba da shi a Maris 2024, Nijar ta bi sahu cikin wannan shekarar.