Hukuncin Zana Furanni Da Tsirran Daji A Musulunci

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya fitar da tsiro daga busasshiyar ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da Alayensa da Sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata mas'ala da takan rikita iyaye a garuruwan karkara, kamar Zakirai da kewayenta a ƙasar Gabasawa. Malamin makaranta ya sa yaro ya tsinko fure ya zana shi a takarda, ya shafa masa launi. Uba kuwa da jin labari sai ya hana, domin ya ji masu wa'azi sun ce masu yin sura za su gamu da azaba ranar gobe. Tsoron nan nasa yana da tushe, sai dai ya sa shi inda ba muhallinsa ba.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, yana neman fatawa. Ɗan Abbas ya tsoratar da shi game da sifanta abu mai ruhi, har fuskar mutumin ta canja, domin da sana'ar nan yake ci. Sa'an nan ya buɗe masa ƙofa, ya nuna masa itatuwa da dukkan abin da ba shi da ruhi. A kan wannan malamai suka tafi. Mujahidu ne ya ƙi a zana itace mai 'ya'ya, Alƙali Iyal mai littafin Ashafa kuwa ya ce babu wanda ya faɗi haka sai shi.

Al'amarin ma ya wuce halacci kawai. A aya ta 99 ta Suratul An'am Allah Ya umurci bayinSa su dubi 'ya'yan itace lokacin da suke fitowa da lokacin nunarsu, a Suratu Faɗir kuma Ya jawo hankali ga saɓanin launukansu. To, wa ya fi mai zane dubawa? Manomi yakan wuce bado a kududdufi shekara hamsin bai lura da yadda furensa ke buɗewa da rufewa ba, mai zane kuwa ba ya iya ɗora alƙalami sai ya ƙirga, ya gwada, ya sake dubawa.

Magabata sun san haka. Dinawari ya wallafa Kitabun Nabat tun ƙarni na 9. A ƙarni na 13 likita Rashiduddini ɗan Suri ya riƙa hawa duwatsun Lebanon tare da mai zane da kayan launinsa, yana sa shi ya zana tsiro yana ƙarami, ya zana shi ya girma, ya kuma zana shi ya bushe, don kada mai neman magani ya ɗauki wani a maimakon wani. Sunayen tsirranmu kuwa, abin takaici, sai da wani likita Bature, Dalziel, ya tattara su a littafi a 1916.

Ƙasar Zakirai gona ce ta haɗu da gona, babu sauran dajin kirki. Gawo da ɗorawa da kuka sun tsira domin manomi na cin moriyarsu, amma ƙananan tsirrai irin su albasar kwaɗi sai a bakin rafi ko kan iyakar gona. Turawa sukan yi tafiya mai nisa don su zana furen da suke kira okid. Yaron da ya zauna ya zana tutun ɗorawa, ko furen tumfafiya, ko ma ƙudujin da ke kashe wa ubansa gero, ya rubuta sunansa a ƙasa, ya adana ilmin da ke tafiya tare da tsofaffi. Kayan aikin ma ba baƙi ba ne: ƙaron da ake haɗa launin ruwa da shi, shi ne wanda alaramma ke sa wa tawadar zayyana.

Saura wanda zai ƙara tsuntsu ko malam-buɗe-littafi a kan furen. A mazhabar Malikiyya abin da aka haramta shi ne cikakkiyar surar mai ruhi wadda take da inuwa, watau gunki. Zanen da ke shimfiɗe a takarda bai kai haramun ba, amma barinsa ya fi, musamman idan za a rataye shi a bangon ɗakin da ake salla.