Ƙaddara da Sababi a Sankarar Ƙoda

A ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, inda jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suke zaune a garuruwa irin su Maiwurno, abin da ake fara ce wa mai sankarar ƙoda shi ne haka Allah ya ƙaddara, shi ya sa ya dace a tambaya ko gano sabubban cutar ya rage wa wannan magana nauyi.

Daga cikin sabubban akwai maikro-RNA, wato gajerun zaruruwa masu haruffan gado kimanin 22, waɗanda Victor Ambros da Gary Ruvkun suka bayyana aikinsu a jikin wata tsutsa a 1993, binciken da ya kai su ga lambar Nobel a 2024. Aikin zaruruwan shi ne tare saƙon da ke umartar ƙwayar jiki ta ƙera furotin, domin kada ya wuce kima. A nau'in sankarar ƙoda mafi yawa, lalacewar ƙwayar gado mai suna VHL takan sa ƙwayar jiki ta zaci iskar oksijin ta yanke mata, sai maikro-RNA mai suna miR-210 ya ƙaru, dangin miR-200 kuma, waɗanda ke riƙe ƙwayoyi a mazauninsu, su ragu, ƙari ya sami hanyar yaɗuwa.

Malaman tauhidi da ke karantar da Ummul Barahin ta Sanusi suna sanya irin wannan a babin hukuncin al'ada, ma'ana wuta ba ta ƙonawa da ikon kanta, Allah ne ke halittar ƙuna yayin haɗuwarta da abu. Tushen kalmar ƙaddara a Larabci ma yana ɗauke da ma'anar awo, don haka gano ma'auni a cikin ƙoda ƙarin sani ne game da yadda aka tsara halitta.

Haɗarin yana wajen mai da ƙaddara hujjar zama, musamman a Jazira, inda akan jingina fitsarin jini ga tsargiyar magudanan ban ruwa, alhali yana iya zama alamar ƙarin da tiyata kan warkar idan an gano shi da wuri. Ko da yake yaƙi ya dagula aikin Cibiyar Sankara ta Jami'ar Jazira a Wad Madani a Disamban 2023, wajibcin neman gwaji bai sauka daga kan mai iko ba, kamar yadda tawakkali bai hana muhajiran Burmi ɗaura kaya su nufi gabas ba.