Darasi na 9: Mai Jiyya a Bakin Gadon Mutuwa

Karatu: 1 Sama'ila 31:1-6, 2 Sama'ila 1:1-16

'Yan'uwa cikin Almasihu, a ikilisiyoyinmu na Suleja akwai nas-nas masu kwana a ɗakunan marasa lafiya. Sun san muryar mai ciwon daji wanda azaba ta gallabe shi, har yakan kama hannunsu da tsakar dare, ya ce, "Ku taimake ni, in huta." Me mai bi zai yi?

Tambayar ba sabuwa ba ce. A kan Dutsen Gilbowa, da maharba suka yi wa Sarki Saul rauni, ya roƙi mai ɗaukar makamansa ya ƙarasa shi, shi kuwa ya ƙi. Daga baya wani Ba'amaleke ya zo wurin Dawuda, yana cewa shi ne ya biya wa sarki wannan bukata. Dawuda bai lasafta masa wannan jinƙai ba. Jinin sarki ya ɗora masa. Sai mu lura: roƙon mai shan wuya bai mai da kisa halal ba.

A shekarar 2002 Holan da Beljiyam suka yarje wa likitoci su ɗauke ran majinyacin da ya roƙa. A 2016 Kanada ta haɗa har da waɗansu manyan nas-nas. Dokar Najeriya ba ta yarda ba. Amma dalilinmu ya girmi doka. Garin nan garin maginan tukwane ne, inda Ladi Kwali ta yi suna. Mun san mai tukunya ne ke da iko da tukunyarsa. Mu yumɓu ne, rai kuwa amanar Ubangiji ce.

Duk da haka kada mu taurare zuciya. Ba da maganin kashe zafi, ko da mai ƙarfi ne, ba kisa ba ne. Barin magani wanda ba ya ƙara amfani ba kisa ba ne. Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas, ta buɗe gidan jiyyar masu bakin mutuwa a Landan a 1967. Ta koyar cewa zafin majinyaci ya haɗa da tsoro da kaɗaici. Sau da yawa mai roƙon mutuwa yana roƙon kada a bar shi shi kaɗai ne.

Tambayoyi:
1. Don me Dawuda ya hukunta Ba'amaleken?
2. Wane majinyaci ne a unguwarmu ba shi da mai zama kusa da shi?

Addu'a: Ya Uba, ka ƙarfafa hannuwan masu jiyya, su sauƙaƙa azaba, su bar ajali a hannunka. Amin.