Labarin Mayu da Hakkin Waɗanda Aka Yi wa Ƙazafi

A shekarun nan marubutan Turai da Amurka sun duƙufa ga wani irin ƙagaggen labari. Sukan ɗauko matan da aka tuhuma da maita a zamanin dā, su ba su ikon sarrafa iskoki, su kuma kafa labarin a kan ƙawancen da ke tsakaninsu. Yaranmu masu karatu suna cin karo da irin waɗannan littattafai. Ya kamata mu tambayi kanmu: ko irin wannan labari yana yi wa matattu adalci?

Mu fara da abin da ya faru da gaske. Daga wajen shekarar 1450 zuwa 1750, masana tarihi sun ƙiyasta cewa an kashe mutum 40,000 zuwa 60,000 a Turai bisa zargin maita, yawancinsu mata. A Lancaster ta Ingila, a watan Agusta na 1612, an rataye mutum goma. Babbar mai ba da shaida ita ce Jennet Device, yarinya 'yar shekara tara, wadda ta tsaya a gaban alƙali ta nuna mahaifiyarta. Daga wannan shari'a Stacey Halls ta ɗauko littafinta The Familiars na 2019, inda ta ƙaga ƙawance tsakanin wata matar attajiri mai juna biyu da Alice Gray, ɗaya daga cikin waɗanda aka tuhuma.

Akwai alheri a cikin wannan aiki. Takardun kotu sun adana muryar alƙali da ta mai ƙara. Marubuci kuwa yakan mayar wa matar fuskarta, ya tuna mana cewa tana da 'ya'ya, da tsoro, da ƙawa. Amma akwai haɗari kuma. Duk labarin da ya ce matan nan suna da ikon maita da gaske, ko da don ya yabe su ne, ya gaskata mai ƙara ke nan. A Salem ta Amurka, a 1692, an rataye mutum 19. Waɗanda suka amsa laifi sun tsira daga igiya, waɗanda suka ƙi yin ƙarya su ne suka mutu. Rebecca Nurse, tsohuwa mai shekara 71, ta mutu tana musun zargin. Idan muka mai da ita mayya don labari ya yi daɗi, mun ƙwace mata gaskiyar da ta saya da ranta.

Wannan tarihi ya shafi Ikkilisiyarmu. An ƙone ɗaruruwan mutane a Würzburg da Bamberg ta Jamus a ƙarƙashin mulkin bishop-bishop na Katolika. Amma a ƙasar nan ce kuma Fada Friedrich Spee, na ƙungiyar Jesuit, ya fitar da littafinsa Cautio Criminalis a 1631. Ya nuna yadda azaba take haifar da mayu: a gana wa mace azaba har ta amsa, a ci gaba har ta ambaci sunayen waɗansu. Wa za ta ambata in ba waɗanda ta sani ba? Ta haka aka mai da ƙawance tarko, wadda ta taɓa kawo wa maƙwabciyarta magani ta zama abar zargi.

Duk da haka zumunci bai mutu ba. Maƙwabta 39 sun sa hannu a takardar shaidar halin Rebecca Nurse, alhali suna sane da cewa zargin zai iya juyowa kansu. Ƙanuwarta Mary Easty, tana jiran igiya, ta rubuta wa alƙalai, ba don a ceci ranta ba, sai don a daina zub da jinin marasa laifi. Wannan ya fi kowane sihiri da marubuci zai ƙaga ban mamaki.

Mu ma mun san wannan cuta. Yaro ya kwanta da zazzaɓi, sai a ce wance ce ta kama masa kurwa, a jawo tsohuwa ko gwauruwa a ce ta tsallake shi. Daga ranar ba mai sayen ƙosanta, ba mai zama kusa da ita, wani lokaci har a cikin coci. Ikkilisiya ta hana tsafi da duba, doka ta takwas kuma ta hana shaidar zur. Wanda ya kiyaye ta farko ya karya ta biyu bai tsira ba.

Saboda haka mu karanta irin waɗannan labarai da idon basira, mu koya wa yaranmu raba ƙage da tarihi. Ƙungiyar Zumuntar Mata kuwa ta tuna da Rut wadda ta ƙi rabuwa da Na'omi a ranar da ba ta da kowa. Idan an nuna wata da yatsa a unguwarmu, a kai mara lafiya asibiti, mu kuma mu shiga gidanta da rana tsaka, kowa yana gani. Ubangiji ya ba mu ƙarfin zuciyar yin haka. Amin.